Ƙarancin jinin da ƙwayar ƙarfe ba ta warkarwa

Gwaggona, yayar mahaifina, ta shekara biyu a Tawa tana faɗa mana cewa ƙafafunta ba nata ba ne, mu kuma muna jin maganar kamar irin ƙorafin da kowane tsoho yake yi. Da farko cewa take yi tana jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafarta, daga baya ta ce ji take kamar auduga take takawa, har ta kai silifa yana zame mata a tsakar gida ta ci gaba da tafiya ba ta sani ba sai jikokinta sun biyo ta da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne alwalar asuba: da zarar ta rufe ido don wanke fuska sai ta yi tangaɗi, dole ta dafa bango da hannu ɗaya ta ƙarasa da ɗayan. Wasu a gidan suka ce sanyi ne, wasu suka ce tsufa ne, wata maƙwabciya kuma ta rantse cewa wani abu ta tsallaka a hanya. Da kasala da haki suka yi yawa aka kai ta likita, majo ya ja fatar idonta ya ce jini ne ya yi ƙasa, ya ba ta jajayen ƙwayoyin ƙarfe da kowa ya sani, ta sha wata uku cur ba tare da wani abin kirki ya sauya ba.

Sai da muka kawo ta Yamai wani likita ya tsaya ya dube ta da kyau. Ya ce ta fito da harshenta, ya gan shi ja sumul kamar an goge shi, ya juya hannunta ya nuna mini yadda gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi fiye da sauran fatar, sannan ya duba takardar awon jini ya ce ƙwayoyin jinin sun yi kaɗan amma kowace ta fi girman da aka saba. Ya tambaye ta: “Hajiya, yaushe rabonki da nama?” Ta yi murmushi ta ce tun Layya. Ya tambayi nono, ta ce hurar yanzu ai ruwa ce. Ya tambayi magungunan da take sha, muka zazzage jaka, ya ɗauki metformin, maganin ciwon suga da ta shekara takwas tana sha, ya ce ga rabin amsar. Awon da ya tabbatar da zatonsa ya ci mana jikkuna masu yawa, kuma abin da ya nuna shi ne bitamin B12 ya ƙare a jikinta.

Tun daga ranar nake ganin cewa akwai gyara a yadda muke kallon ƙarancin jini a ƙasar nan, daga cikin gida har zuwa ma'aikatar lafiya. Mun mayar da shi ciwo guda mai magani guda, alhali ƙofofinsa suna da yawa, kuma wannan ƙofa ta B12 ita ce wadda idan aka makara ba jini kaɗai take ɗauka ba, har da jijiya da tunani.

Sunan B12 na ilimi kobalamin, domin a tsakiyarsa akwai ƙwaya ɗaya ta ma'adinin kobalt, kuma shi ne yake ba allurarsa wannan jan launi da masu zuwa farmasi suka sani. Abin da babban mutum yake buƙata a rana mikirogiram 2.4 ne, mai ciki 2.6, mai shayarwa 2.8. Mikirogiram kuwa giram ɗaya ne aka raba gida miliyan, ta yadda abin da mutum yake buƙata a shekara guda cif bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Da wannan ɗan abin ne ɓargo yake iya ƙera jajayen ƙwayoyin jini yadda ya kamata; idan babu shi ƙwayoyin ba sa iya rabuwa a kan lokaci, sai su fito ƙattai, marasa ƙwari, da yawansu su mutu tun a cikin ɓargon. Da shi ne kuma jiki yake kula da rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, wadda aikinta ya yi kama da na robar da ke jikin wayar lantarki. Idan rigar ta fara cinyewa a ƙafa da cikin laka, saƙon da ƙafa take aikawa kai ba ya isa, mutum ya daina sanin inda ƙafarsa take sai ya kalle ta da ido, kuma dalilin da ya sa Gwaggo take tangaɗi in ta rufe ido ke nan. A wasu mutanen ma ba ta ƙafa yake farawa ba, ta mantuwa da saurin fushi da ruɗewa yake shigowa, sai a ce tsoho ya fara gigi a bar shi a ɗaki.

Babu tsiron da yake yin wannan bitamin, kuma dabba ma ba ita take yin sa da kanta ba. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne kawai suke iya haɗa shi. Saniya da tunkiya da akuya da raƙumi suna ɗauke da irin waɗannan halittu a tumbinsu, suna cin ciyawa su ba su, su kuma su yi bitamin ɗin, ya shiga jinin dabbar ya taru a hanta da ƙoda da tsoka, ya fito a nono. Mu namu rabon ta nan yake zuwa, da ta kifi da ƙwai. Gero ba shi da shi, dawa ba ta da shi, wake da gyaɗa ma haka. Ina jaddada wannan ne saboda yadda muka ɗaukaka zogale a ƴan shekarun nan har wasu suna ganin kwanon kwaɗo ya maye gurbin komai. Zogale abinci ne mai albarka, ni ma ba na wuce shi, amma ba ya ba da B12 da za a dogara da shi, kuma garin spirulina da ake tallarsa a matsayin maganin kowane rashi yawancin abin da ke cikinsa mai kama da B12 ne wanda jikin mutum ba ya amfana da shi.

Ko an ci abincin ma akwai sauran tafiya. Sai ruwan tsamin ciki ya ɓamɓare bitamin ɗin daga jikin nama, sai wani sinadari da bangon ciki yake fitarwa ya riƙe shi ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji, a nan ne yawancinsa yake samun ƙofar shiga jini. Duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan matakai zai iya jawo rashi ko da mutum mahauci ne. Tsufa yana rage tsamin ciki. Omeprazole da ire-irensa, waɗanda mutane suke saye a bakin titi su sha shekara da shekaru saboda ƙwannafi, suna rage shi su ma. Metformin yana tsare hanya a hanji. Akwai kuma ciwon da jiki da kansa yake lalata bangon cikin, wanda likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suke kira ciwon Biermer, da sunan likitan da ya bayyana shi a 1872. A zamanin da wannan ciwo kisa yake yi, sai a 1926 wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, George Minot da William Murphy, suka gwada ciyar da marasa lafiya 45 hanta mai yawa kullum, suka ga mutanen da aka fidda rai da su sun miƙe. Sun samu kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple, kuma sai a 1948 aka iya tace bitamin ɗin kansa daga hanta. Wato maganin da ya fara ceton mutane daga wannan ciwo abu ne da yake rataye a teburin kowane mahauci a kasuwar Tawa.

Wani abin da yake ɓoye matsalar shi ne hantar mutum tana ajiye B12 da zai iya kai shi shekara uku zuwa biyar. Mutum zai iya rabuwa da nono da nama bana, alamar ba za ta fito ba sai bayan shekaru, lokacin da babu wanda zai haɗa ciwon ƙafa da abin da ya fita daga ƙwarya tun tuni.

A nan ne raina yake ɓaci, domin ba mu da hujjar zama cikin wannan rashi. Nijar tana da dabbobi sama da miliyan 50, kuma jihar Tawa tana cikin zuciyar kiwon: shanun Azawak da ake yabo da nono, cukun Abalak da Cintabaradan, kilishin Madawa, kifin tabkin Tabalak, garken da ake lodawa a manyan motoci kowane mako a nufi Najeriya. Amma duk wanda ya tashi a Adar ya san yadda ƙwaryar hura ta sauya. A gidan kakata ana dama ta ne da nono har ludayi ya tsaya, kuma ita ce abincin rana na kowa, babba da yaro. Fari na 1973 da na 1984 sun raba gidaje da yawa da shanunsu, na 2005 da 2010 suka ƙara, filayen kiwo suka zama gonaki, rashin tsaro ya tura makiyaya nesa da garuruwa. Yau a ƙauyuka da dama, musamman daga bazara zuwa lokacin da sabon hatsi zai nuna, ruwa ake zuba wa dawo a dama a sha gayansa, ko a ɗiga nono ludayi ɗaya don launi. Ciki yana cika, yunwa tana kwanciya, amma babu B12 ko kaɗan a ciki. Kofi ɗaya na nonon saniya yana ba da kusan rabin abin da babba yake buƙata a rana, kuma ko tsala da aka kaɗe aka cire man tana riƙe da yawancinsa, domin ba a cikin mai yake zama ba. Ƙwai ɗaya yana ba da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Hanta kuwa yanka ɗaya mai kyau ya wuce buƙatar mako guda.

Talauci ne babban dalili, ban musa ba, amma akwai abin da yake hannunmu, wato rabo a cikin gida. Wanda ya fi buƙatar wannan bitamin shi ne mai ciki da mai shayarwa da yaron da ake yayewa, kuma su ne na ƙarshe a layi. Maigida zai tsaya wurin mai tsire ko mai balangu bayan magariba ya ci na dala ɗari shi kaɗai, ya shigo gida ya tarar da tuwo da miyar kuka da aka yi da dunƙulen ɗanɗano babu ko ƙashi. Ƙwan zabi da na kaji ana tara su a kai kasuwa, yaro kuma a hana shi da cewa in ya saba da ƙwai zai yi sata. Ranar Layya hanta ta maigida ce da baƙinsa. Ban faɗi wannan don cin fuskar kowa ba, a gidanmu ma haka muka tashi muka gani, kuma babu wanda ya yi shi da mugun nufi, rashin sanin abin da ke cikin hantar ne.

Sakamakon a kan jariri ya fi na tsoho tsanani. Jariri ba shi da wata hanyar samun B12 sai abin da ya ɗiba yana ciki da abin da yake samu a nonon uwa, kuma idan uwar ba ta da shi nononta ma ba shi da shi. Irin wannan yaro yakan fara lafiya lau, sai tsakanin wata huɗu zuwa goma a ga ya yi laushi, ya daina murmushi, ya ƙi karɓar kunu, wanda ya fara zama ya koma kwanciya, wani har da karkarwa. Allura tana dawo da shi cikin kwanaki, amma idan an daɗe ƙwaƙwalwar ba ta cika cike giɓin da ta yi ba. Rashin B12 a farkon ciki kuma yana ƙara haɗarin haihuwar yaro da buɗaɗɗen gadon baya. Ba na kawo wannan don a rage shayarwa. Nonon uwa shi ne mafi alheri ga jariri, uwar ce ya kamata a ciyar.

Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa yara 73 cikin 100 ƴan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, mata kuma 46 cikin 100. Wani binciken da aka wallafa a 2017 kan mata masu ciki a karkarar Damagaram ya samu kimanin ɗaya cikin uku da ƙarancin B12 a jininsu. Duk da haka abin da ake miƙa wa mace a wurin awon ciki ƙwayar ƙarfe ce da asid folik (wani bitamin da shi ma ɓargo yake buƙata wajen ƙera jini), garin alkama da ake ƙara wa sinadari ma ƙarfe ne da asid folik, man girki bitamin A, gishiri aidin. Duka waɗannan ayyuka ne masu kyau da suka ceci rayuka. Sai dai akwai wani abu da likitoci suka daɗe da sani: asid folik yana iya gyara jinin mai rashin B12 ya bar jijiyar tana ci gaba da lalacewa, sai alamar da za ta sa a gane ciwon ta ɓace alhali ɓarnar tana nan. Ƙasar da take raba asid folik ga mutanen da nono da nama suka yi wa nisa bai kamata ta bar B12 a baya ba.

Hanyar kuma ba sabuwa ba ce. Akwai ƙwayar mata masu ciki mai sinadarai 15, wadda take ɗauke da ƙarfen da asid folik ɗin tare da mikirogiram 2.6 na B12, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Tun 2009 hukumar ta lissafa B12 cikin abubuwan da za a iya ƙarawa a garin alkama da na masara. Ra'ayina shi ne wannan ƙwaya ta zama ita ce ake bayarwa a kowane wurin awo, daga Yamai har ƙaramar likitar ƙauye, a cikin tsarin kula da mata masu ciki da ƙananan yara kyauta da aka kafa tun 2006, kuma a ci gaba da ba mace ita bayan haihuwa muddin tana shayarwa. Ƙarin sinadari a garin alkama zai taimaki mutanen birni masu cin burodi, amma ba zan ɗora fata mai yawa a kansa ba, domin mutumin ƙauye geronsa yake dakawa a turmi, ba ya bi ta masana'anta. Shi abin da zai kai gare shi akuya ce mai nono a bayan ɗaki, da kajin da za a bar wa yara ƙwansu, da nonon gaske a abincin makarantu maimakon shinkafa da mai kawai.

Na san abin da ma'aikacin lafiya zai ce, domin na ji shi daga bakin abokaina: zazzaɓin cizon sauro da rashin ƙarfe da tsutsar ciki da sikila su ne manyan masu shan jinin mutanenmu, kuɗi kaɗan ne, awon B12 yana da tsada kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a ɗauke ido daga waɗannan ba. Amma yawancin abin da nake nema ba ya cin kuɗi. Girman ƙwayar jini yana rubuce a kan takardar awon da ake yi kullum a manyan asibitoci, sai dai a karanta layin. Tambayar da aka yi wa Gwaggo game da nama da nono ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Duban harshe da gaɓoɓin yatsu, da sa mutum ya tsaya ya haɗe ƙafa ya rufe ido, majo zai iya yin su a ƙauyen da babu lantarki. Wanda ya sha ƙarfe wata biyu ko uku jininsa bai motsa ba, bai kamata a sake cika masa leda da irin ƙwayar ba tare da an sake tunani ba. Mai ciwon suga da ya shekara huɗu ko biyar kan metformin ya zo da mutuwar ƙafa, kada a yanke cewa sugan ne kawai, domin alamun biyu suna kama da juna kuma ɗaya daga cikinsu yana da magani mai arha. Ba kuma dalili ba ne na barin metformin, wanda magani ne mai amfani ƙwarai. A haɗa masa da bitamin ɗin ne.

Akwai kuma kishiyar matsalar, wadda nake gani a unguwanninmu na Yamai: masu lafiya garau suna zuwa a yi musu jar allura don ƙarin ƙarfi ko ƙiba, wani lokaci a hannun mai tallar magani da ya wuni da kayansa a rana. Wanda jikinsa ba ya cikin rashi babu abin da allurar za ta ƙara masa, abin da ya yi yawa fitsari yake bi, ya yi asarar kuɗinsa ya kuma ɗauki haɗarin allurar da ba a san tsabtarta ba. Mai ciwo na gaske kuma in ya yi irin wannan allura sau ɗaya ko biyu kafin ya je asibiti, awonsa zai fito kamar lafiya lau, a rasa gane abin da ke damunsa.

Gwaggo an fara mata da allurar mikirogiram 1000 a jere, aka koma mako-mako, yanzu wata-wata. Cikin mako guda ta fara neman abinci da kanta, cikin wata biyu jinin ya dawo, baƙin yatsun ya washe, mantuwar da muka ɗauka ta tsufa ce ta ragu ƙwarai har ta koma lissafin adashinta da ka. Ƙafar ce ba ta dawo duka ba, likitan ya faɗa mana tun farko cewa jijiyar da ta shekara biyu tana lalacewa ba lallai ta warke sarai ba. Ta koma Tawa da sanda, mun saya mata akuya biyu masu nono, kuma a Layyar da ta wuce ita da kanta ta sa aka kawo hantar ragon gabanta, ta yanka ta raba wa surukarta mai goyo da yaran gidan kafin a kai wa maza nasu a zaure. Da asuba har yanzu tana dafa bango in za ta wanke fuska.